Kwangilar zaɓi a kasuwar hannun jari: muhawarar ƴan zauren Kasuwa da Jari na Damagaram

Abdoul Aziz, Garin Malam:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman a haska mini hanya. Akwai wani mutum da nake bi a Telegram, kullum sai ya sako hotunan ribar da ya ce yana ci a wani abu wai shi ofshin, a kasuwar hannun jarin Amurka. Ya ce da jika 50 mutum zai iya tashi da jika 200 cikin sati guda. Ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou, ina gyaran waya bayan darasi, kuma na ɗan tara jika 300. Ban taɓa su ba tukuna. Mene ne wannan abin, kuma mai farawa ta ina yake kamawa?

Alhaji Habou, Zango:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tambaya tun kuɗin na hannunka. Maman Sani, Laouali, ga ƙanenku nan, ku ne kuka san wannan fage.

Maman Sani:
To Baba Alhaji. Abdoul Aziz, riƙe kuɗinka a aljihu har mu gama maganar nan.

Hannun jari dai ka san shi. Ka sayi ɗan yanki na kamfani, in ya ci riba a raba da kai, in darajarsa ta hau taka ma ta hau. Kwangilar zaɓi kuwa, wato ofshin ɗin da ka ji, ba ta ba ka komai a cikin kamfani. Dama ce kake saye, mai wa'adi. Za ka biya wani mutum kuɗi kaɗan, shi kuma ya ɗaure kansa cewa zai sayar maka da hannun jarin kamfani kaza a farashi kaza, daga yau har zuwa rana kaza. In ranar ta zo ka ga cinikin ya yi maka, ka karɓa. In bai yi maka ba ka bari, amma abin da ka biya ya tafi ke nan. Wannan shi ne zaɓin saye, wanda ƴan harkar ke kira kol. Ɗayan kuma zaɓin sayarwa ne, fut: kai ne ke biya don wani ya ɗaure kansa zai saya daga hannunka a farashin da aka yanke, ko da kasuwa ta karye.

Duk abin da za ka ji ana kira dabaru, daga waɗannan biyun ake haɗa su. Ko dai kai ne mai biya ka samu dama, ko kai ne mai karɓar kuɗi ka ɗauki nauyi.

Alhaji Habou, Zango:
Ashe kafin alƙalami ne. Saura wata biyu Layya mutum ya zo gidana ya ga rago, muka yanke jika 150, ya ajiye jika 10 ya ce in riƙe masa har jajibiri. In raguna sun yi wuta ya zo ya ja abinsa a 150. In sun karye, ya wuce kasuwa ya sayi mai araha, ya bar mini jika goman.

Maman Sani:
Ka kusa sosai Baba. Wurare biyu ne suka rabu. A naka, in ya zo ɗaukar ragon jika 140 zai cika, domin goman tana cikin kuɗin. A nasu, 150 ɗin zai biya cur, goman ladan alkawari ce kawai. Sannan a can, mai riƙe da alkawarin yana iya sayar da shi ga wani, wancan ma ya sayar wa wani, alhali babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa ganin ragon ko yake da niyyar yanka shi. Mafi yawan masu wannan harka alkawarin suke juyawa.

Bari in sa lissafi. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba, kuma mu ɗauka kowace ɗaya sefa 600 ce don sauƙi. A ce hannun jarin wani kamfani yana dala 50 yau. Ka sayi zaɓin saye a farashin 55, wa'adin wata guda, kuɗinsa dala 2. A Amurka kwangila ɗaya tana ɗauke da hannun jari 100, saboda haka dala 200 za ka fitar, jika 120 ke nan. In farashi ya kai 62 kafin wa'adi, damar da ke hannunka ta zama ta dala 7, ka cire 2 da ka biya, ribarka dala 500. Hoton da mutumin Telegram yake nuna maka ke nan.

Ga wanda ba ya nunawa. Farashi ya hau daga 50 zuwa 54, ranar wa'adi ta zo. Hasashenka ya yi daidai, kamfanin ya tashi da kashi 8 cikin ɗari a wata guda, amma wa zai yi amfani da damar saye a 55 alhali kasuwa na bayarwa a 54? Jika 120 ɗinka ta zama sifiri. Wanda ya sayi hannun jarin kansa guda 100 kuwa ya ƙaru da dala 400.

Nana Hadiza, Sabon Gari:
Yaya Maman Sani, in na gane, ko a 56 ma asara ce. Damar ta kai dala 1, shi kuwa 2 ya biya. Sai farashi ya wuce 57 kafin ya fara ganin riba.

Maman Sani:
Haka yake Malama. Daga 50 zuwa 57 kashi 14 ne cikin ɗari, kuma dole ya faru cikin kwana talatin. Sai ka canki inda farashi zai nufa, ka canki nisan da zai yi, ka kuma canki lokacin. In ɗaya ya kuɓuce maka, kuɗin sun tafi.

Abdoul Aziz, Garin Malam:
Na gode Yaya. Amma abin da nake gani a manhajar da ya turo mini bai yi kama da wannan ba. Babu maganar wata guda. Maɓalli biyu ne, kore da ja. Ka zaɓi minti ɗaya ko biyar, in ka ce zai hau kuma ya hau a ba ka kashi 80 na abin da ka sa, in ya sauka su cinye duka.

Laouali, daga Liyon:
Innalillahi. Ƙanena, goge wannan manhajar yau ɗin nan. Wannan ba kwangilar zaɓin da Maman Sani ke bayani ba ce, sunan kawai suka ara. Babu hannun jari a bayanta, babu kasuwa, kai da mai manhajar ne kawai, kuma shi ke riƙe da allon da farashin yake fitowa. Hukumar kula da kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai ta hana a sayar wa gama-garin mutane irin wannan a 2018. Isra'ila, inda da yawa daga cikin kamfanonin suka yi sansani, ta haramta sana'ar a 2017. Da aka rufe musu waɗancan ƙofofin ne suka ƙara juyowa kan matasanmu.

Nana Hadiza, Sabon Gari:
Lissafinta ma ya isa hujja. Ka sa jika ɗaya sau goma, ka ci biyar ka faɗi biyar. Ka samu jika 4, ka rasa jika 5. Kafin ka tsaya a inda ka fara sai ka ci kusan 56 cikin kowane ɗari, a kan abin da ba wanda ya san inda zai nufa cikin minti ɗaya. Ɗan maƙwabciyata ya shiga irinta da kuɗin kabu-kabunsa. Allon ya nuna masa ya ninka, da ya zo cirewa aka ce sai ya biya kuɗin tantancewa, ya biya, aka ce saura haraji. Har yau uwarsa ba ta daina kuka ba, domin babur ɗin ma sai da aka sayar.

Alhaji Habou, Zango:
Allah ya mayar masa da alheri. Wanda duk ya sako irin wannan mahaɗin a zauren nan zan cire shi, na faɗa tun yanzu.

Laouali, daga Liyon:
Amin Baba. Sai dai ina roƙon kada a haɗa ta gaskiyar da ta ƙaryar a yi musu kuɗin goro. Ni ina amfani da kwangilar zaɓi ta hannun dillali mai lasisi a nan Faransa, kuma tana da amfaninta in an bi ta ta ƙofar da ta dace. Matsalar ita ce masu farawa ta taga suke shiga, wato sayen zaɓin saye mai araha mai gajeren wa'adi, suna jiran ya ninka.

Abin da ya sa wannan ke cinye mutane shi ne lokaci. Kowace rana ta faɗi, zaɓin da ka saya yana rage daraja ko da hannun jarin bai motsa ko kaɗan ba, kuma zubewar tana ƙara gudu in wa'adi ya matso. Akwai kuma tsadar fargaba. In ana gab da kamfani ya bayyana ribarsa ta wata uku, kowa na tsammanin girgiza, sai kuɗin zaɓi ya kumbura. Da an bayyana, hankali ya kwanta, kumburin ya sace, har ta kai mutum ya canki hanya daidai amma ya tashi da asara.

Abin da nake yi shi ne akasin haka. Sai na mallaki hannun jari 100 tukuna, sannan in sayar wa wani zaɓin saye a kansu. Mu ɗauki lissafin Maman Sani: ina da 100 a dala 50, na sayar da zaɓi a 55, na karɓi dala 200 a take. In wata ya ƙare farashi bai kai 55 ba, kuɗin nawa ne, hannun jarina na nan, in sake sayar da wani. Lokacin da ke cin mai saye, ni yake yi wa aiki. Wannan ita ce dabarar da dillalai suka fi saurin amince wa sabon shiga, domin kayan da ya yi alkawari suna hannunsa.

Maman Sani:
Faɗa masa ɗaya gefen ma, Laouali.

Laouali, daga Liyon:
Ina zuwa ai. In farashi ya yi tsalle zuwa 70, dole in miƙa a 55. Na samu 5 da 2, dala 700, alhali da ban sayar da zaɓin ba 2,000 zan samu. In kuma ya faɗi zuwa 35, dala 200 ɗin ba ta tare komai ba, asarata 1,300. Wato na sayar da babbar riba don ƙaramin kuɗi tabbatacce, faɗuwar kuma tana nan a wuyana. Shi ya sa ba a yin ta sai a kan kamfanin da mutum ya yarda ya riƙe shekaru.

Wadda nake gargaɗi da babbar murya ita ce sayar da zaɓin saye ba tare da kana da hannun jarin ba. Ribarka ba ta wuce ɗan abin da ka karɓa, asararka kuwa ba ta da rufi, domin farashi ba shi da iyakar hawa. A farkon Janairun 2021 hannun jarin kamfanin GameStop na Amurka bai kai dala 20 ba, ranar 28 ga watan ya taɓa 483. Ka ɗauka mutum ya yi alkawarin bayarwa a 25 don ya karɓi dala ɗaya ko biyu, kuma ba shi da ko guda. Sai ya je kasuwa ya saya a farashin ranar ya miƙa.

Abdoul Aziz, Garin Malam:
To Yaya, hannun jari 100 a dala 50 ai miliyan 3 ke nan na sefa. Ni jika 300 gare ni.

Laouali, daga Liyon:
Amsar tambayarka ta farko ke nan ka ba kanka. Dabarun da suka fi sauƙin haɗari suna son jari. Waɗanda jika 300 za ta iya shiga su ne waɗanda suka fi saurin cinye ta.

Akwai wata ta tsakiya: ka sayi zaɓin saye a 50 da dala 4, ka sayar da wani a 55 ka karɓi 2. Abin da ya fita aljihunka 2 ne. Komai lalacewa asararka dala 200, komai kyau ribarka 300. Ka san iyakarka sama da ƙasa tun kafin ka shiga. Amma kwangila biyu ce, kuɗin dillali biyu, kuma dala 200 ɗin kusan rabin abin da ka tara ne a jefa ɗaya.

Hajiya Rakia, Kasuwar Dole:
Sannunku da ƙoƙari ƴaƴana. Ni duk cikin maganar, zaɓin sayarwan nan ne ya tsaya mini a rai. Mu da muke sayen wake da riɗi a kaka daga Matamaye da Magarya mu ajiye, barcinmu ba ya nisa. Wani lokaci iyaka ta rufe, ko naira ta faɗi ƴan Najeriya su daina zuwa, kaya su zauna a sito farashi na zubewa, ga ƙwari. In da zan biya wani abu kaɗan a tabbatar mini ba zan sayar ƙasa da kaza ba, wallahi zan biya. Yaya yake aiki, kuma akwai shi a kan wake?

Maman Sani:
Hajiya, kin kama asalin dalilin da ya sa aka ƙirƙiro abin. A hannun jari ga yadda yake. Kina da 100 a dala 50, kika sayi zaɓin sayarwa a 45 na wata uku, da dala ɗaya da rabi, wato 150. In farashi ya rufta zuwa 30, ke a 45 za ki sayar. Asararki 650 maimakon 2,000. In kuma farashi ya hau, ribarki na nan, 150 ɗin kawai kika rasa. Sai dai a duba tsadarsa: in kina sabuntawa duk wata uku, dala 600 ke nan a shekara a kan jarin 5,000, kashi 12 cikin ɗari. Sau da yawa kariyar takan cinye ribar shekarar gaba ɗaya, shi ya sa masu hankali ba sa saye sai lokacin da suke da takamaiman abin tsoro.

A kasuwar Shikago ana yin irin wannan a kan masara, alkama da waken soya, manoma da masu masana'anta suna kare kansu da shi. Wakenmu da riɗinmu ba su da irin wannan kasuwa. Abin da muke da shi a karkara shi ne warantaj, a kulle amfanin gona a sito a karɓi bashi a kansa har farashi ya tashi. Yana hana manomi sayarwa da arahar kaka, amma in farashin bai tashi ba babu mai cika masa.

Hajiya Rakia, Kasuwar Dole:
To Allah ya kawo mu lokacin. Amma kafin nan ina son jin ta bakin Malam, na ga yana karantawa bai ce komai ba.

Malam Harouna, Birni:
Assalamu alaikum. Ina sauraro ne Hajiya, don ba a yanke hukunci a kan abin da ba a fahimta ba. Yanzu na fahimta, kuma Allah ya saka wa Maman Sani da ya bambance wa Alhaji wurare biyun nan, domin a kansu hukuncin yake.

Abin da Alhaji ya kwatanta, malaman fiƙihu suna kiransa cinikin arbun. Imamu Malik bai halatta shi ba, da shi ma ya buɗe babin ciniki a Muwaɗɗa, kuma Hanafiyya da Shafi'iyya suna tare da shi, saboda mai kaya ya ci kuɗin ɗan'uwansa ba a bakin komai ba. Imamu Ahmad ya halatta. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta ɗauki halaccin, da sharaɗin a ƙayyade wa'adi, kuma kuɗin ya shiga cikin farashi in ciniki ya faɗa.

Kwangilar zaɓi kuwa, wannan majalisar ta riga ta duba ta a Jidda a 1992, ta ce yadda ake yin ta a kasuwannin duniya ba ta halatta ba, kuma ba a juya ta daga hannu zuwa hannu. Dalilinsu shi ne abin da ake sayarwa ba dukiya ba ce, ba amfanin wani abu ba ne, ba kuma haƙƙin dukiya ba ne da shari'a ta yarda a karɓi kuɗi a bakinsa. Hukumar AAOIFI ta Baharain, mai tsara ƙa'idojin bankunan Musulunci, ita ma a nan ta tsaya. Ta maɓallin kore da ja kuwa ba ta buƙatar dogon bincike, caca ce tsagwaronta.

Laouali, daga Liyon:
Allah gafarta Malam, ina da tambaya, ba jayayya ba. Wanda ya sayi zaɓin sayarwa don ya kare dukiyarsa, kamar yadda Hajiya ke so, ai gudun haɗari yake yi, ba nemansa ba. Ni kuma da nake sayar da zaɓi a kan kayan da na mallaka, ban sayar da abin da ba ni da shi ba. Ina garari, wato rashin tabbas ɗin da shari'a ta hana a ciniki, a nan?

Malam Harouna, Birni:
Tambaya ce mai kyau Laouali, kuma niyyar mai kare dukiyarsa ba ɗaya take da ta mai neman ninki ba, wannan gaskiya ne. Amma kyawun niyya ba ya gyara ƙullin ciniki in abin da aka ƙulla a kansa bai inganta ba. Dala 200 da ka karɓa, a bakin me ka karɓe ta? Ba hannun jarin ka ba shi ba, suna wurinka. Alkawari tsura ka sayar. In wa'adi ya cika bai amfana ba, ka ci kuɗinsa ya tashi hannu wofi. In farashi ya yi tsalle, shi ya ci kai ka yi cizon yatsa. Samun ɗayanku rashin ɗayan ne, kuma ba wanda ya san wa zai faɗa wa. Wannan ne malamai suka gani.

Ban ɓoye maka ba, akwai malaman zamani da ke aiki da bankunan Musulunci waɗanda suka gina hanyoyin kariya a kan arbun da kuma alkawari mai ɗaurewa, don buƙata irin ta Hajiya buƙata ce ta gaske. Amma waɗannan an tsara su ne daban, ba su ne ake sayarwa a allon dillalinka ba.

Laouali, daga Liyon:
Na ji Malam, kuma zan zauna da maganar. Har yanzu zuciyata tana ganin akwai tazara tsakanin mai kaya a hannu da mai hannu wofi, amma ba ni da ilimin da zan ja da majalisa guda.

Maman Sani:
Ko an ajiye hukunci gefe, alƙaluma ma suna magana. Hukumar kasuwar hannun jari ta Indiya, SEBI, ta bi asusun ɗaiɗaikun mutane masu wannan harka da ƴar'uwarta ta cinikin gaba, inda ake yanke farashi yau a cika ciniki a wata rana mai zuwa. A rahotonta na Janairun 2023, kashi 89 cikin ɗari asara suka yi. A na Satumban 2024, wanda ya duba shekara uku, kashi 93. Kuma waɗannan a kasuwa ta gaskiya suke, mai doka da lasisi.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Wanda ke ɗaya gefen cinikinka galibi kamfani ne mai kwamfutoci da masana lissafi. Tun 1973, shekarar da aka buɗe kasuwar zaɓi ta Shikago, Fischer Black da Myron Scholes suka fitar da lissafin ƙiyasta farashin zaɓi. Scholes da Robert Merton sun karɓi kyautar Nobel a kansa a 1997. Shekara guda bayan nan asusun zuba jari na LTCM, wanda su biyun suke cikin shugabanninsa, ya durƙushe, sai da manyan bankuna suka haɗa dala biliyan 3.6 aka tallabe shi. In masu lissafin da kansu sun yi tuntuɓe, ɗalibi mai waya ɗaya fa? Ƙara da cewa kasuwar New York tana buɗewa ne da biyu da rabi ko uku da rabi na rana a agogonmu, gwargwadon lokacin shekara, ta rufe tara ko goma na dare. Wuta ta ɗauke ko intanet ya yanke ranar Juma'ar da wa'adinka ke cika, ba wanda zai jira ka.

Sannan akwai doka. Mun fita daga CEDEAO amma muna cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, kuma dokar canjin kuɗinta ba ta bar mazaunin ƙasa ya buɗe asusu a ƙetare ko ya fitar da jari yadda ya ga dama ba, akwai neman izini. Wanda ya ce maka tura ta lambar wayar wani zai saka maka, ka san ba ta hanya ya bi ba, kuma ranar da kuɗin suka ɓace ba ka da inda za ka kai ƙara.

Abdoul Aziz, Garin Malam:
Jikina ya yi sanyi. To yanzu mai son ya koyi zuba jari da ɗan abin da yake da shi, babu hanya ke nan?

Maman Sani:
Akwai, kuma da sefa. Muna da kasuwarmu, BRVM, a Abijan, tun 1998, ta ƙasashe takwas na UEMOA har da Nijar, tana da reshe a Yamai. Kamfanoni sama da 40 ne a ciki, irin su Sonatel ta Senegal, Orange ta Kodebuwa, da bankin BOA Nijar. Hannun jari da takardun bashi ake saye da sayarwa. Ana shiga ne ta hannun dillali mai lasisi da ake kira SGI, hukumar AMF-UMOA ce ke ba su izini kuma tana wallafa sunayensu. Farashi ba ya wuce kashi 7.5 hawa ko sauka a rana guda. Hannun jari ba shi da ranar mutuwa, in ya faɗi kana iya jira, kuma kamfanin da ya ci riba yakan raba sau ɗaya a shekara.

Ba aljanna ba ce. Wasu kamfanonin ciniki a kansu kaɗan ne, kana iya son sayarwa ka rasa mai saye a farashin da kake so, kuma akwai kuɗin dillali da na ajiya da ya kamata ka tambaya tun kafin ka sa hannu. Ni da zan ba ka shawara, kaso mafi girma ya tafi kayan gyaran wayarka, domin nan ne ka fi kowa sanin abin da kake yi. Ɗan abin da ba za ka buƙata ba nan da shekara biyu ko uku, shi za ka gwada da shi.

Laouali, daga Liyon:
In kuma son sanin zaɓin ne ya kama ka, sani ba ya cin ko dala. Sayi kaye, ka zaɓi kamfani ɗaya, ka rubuta farashin zaɓinsa yau kamar ka saya, ka riƙa dubawa har Juma'a ta uku ga wata, ranar da kwangilolin wata-wata suke cika. Yi haka wata shida, ka rubuta da kuɗin dillali, ka haɗa jimilla da hannunka. Kai da kake karatun jami'a, wannan ilimin zai yi maka amfani ko a banki ka samu aiki.

Malam Harouna, Birni:
Koyo babu laifi. Game da BRVM kuma, zaman Jiddan nan da na ambata shi ne ya ce asalin sayen hannun jari halal ne in sana'ar kamfanin halal ce. Saboda haka a duba me kamfani yake yi. Bankin da ke juya kuɗin ruwa da kamfanin giya ko taba ba ɗaya suke da na sadarwa ko na manja ba, kuma ko mai sana'ar halal ana duba yawan bashin ruwan da ke kansa. Takardun bashi masu ruwa a bar su. Senegal ta fitar da sukuk, wato takardun jari marasa ruwa na tsarin Musulunci, a 2014, Kodebuwa da Togo suka biyo baya, sai a tambayi dillali ko akwai wanda ke kasuwa yanzu.

Hajiya Rakia, Kasuwar Dole:
Maman Sani, sai mutum ya taka har Yamai kafin ya buɗe asusun? Tafiyar nan ta kusan kilomita 900 ba wasa ba ce ga mai shago.

Maman Sani:
Kowane SGI da tsarinsa Hajiya. Gobe in Allah ya kai mu zan kira in ji takardun da suke nema, mafi ƙarancin abin da ake buɗewa da shi, da ko suna karɓa daga nesa, in sako a nan tare da jerin masu lasisi. Kada kowa ya tura kuɗi ko'ina kafin ya ga sunan a jerin.

Alhaji Habou, Zango:
Madalla. Malam, saura tawa. In mutum ya sayi hannun jarin ya riƙe shekara ta zagayo, zakka a kan me zai fitar, a kan abin da ya saya ko a kan ribar da aka raba masa?

Malam Harouna, Birni:
Wannan tana son zama na musamman Alhaji, domin hukuncin wanda ya saya don ya juya daban yake da na wanda ya saya ya ajiye yana cin rabon shekara. Bari Maman Sani ya kawo jerin, ku faɗa mini kamfanonin da kuke dubawa da niyyar kowa a kansu, sai mu ɗauke ta ranar Asabar bayan isha'i.